Ungulu Ma Ta Shiga Jirgin Nuhu

Karatu: Farawa 2:15, 7:1-3, Firistoci 11:13-19

Shari'ar Musa ta lissafta ungulu cikin tsuntsayen da aka hana Isra'ilawa ci. Duk da haka, sa'ad da Ubangiji ya umarci Nuhu ya shiga jirgi, bai ce a ceci masu tsarki kaɗai ba. Marasa tsarki ma sun sami wuri, domin iri ya wanzu a duniya. Abin da mutum ke ƙyama yana da aiki a wurin Mahaliccinsa.

Aikinta

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Tana cinye mushe kafin ya ruɓe, ruwan cikinta kuwa yana da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Ita ce mai sharar da ba a biya.

Ƙasar Indiya ta ga abin da rashinta ke jawowa. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, saboda maganin diklofenak da ake ba shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. Mushe ya taru, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, haɗarin ciwon haukan kare ya ƙaru. A 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin.

Halin da ake ciki a Afirka

A 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a kwata cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. A 2019 guba ta kashe fiye da 500 a Botsuwana. A Nijeriya kuwa ana farautarta, a sayar da kanta da ƙwanta domin tsibbu. Saboda haka aka keɓe Asabar ta fari a watan Satumba domin faɗakar da duniya a kanta.

Hakkin mai bi

An sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Wakilai ne mu, ba masu dukiyar ba. Mai bi da ya sayi kan ungulu domin neman sa'a ya yi zunubi biyu: ya dogara ga abin da ba Allah ba, ya kuma hallaka halittarsa. Kada mu sa guba a mushe, ko don kura ko don kare, gama ungulu ce ke fara sauka. Mu hana yaranmu harbinta da kwashe ƙwanta.

Tambayoyi domin iyali

1. Yaushe rabonku da ganin ungulu a garinku?
2. Wace halitta ce muke rainawa, alhali tana yi mana hidima?

Addu'a: Ya Uba, ka sa mu zama amintattun wakilai a kan aikin hannunka, cikin sunan Yesu. Amin.