Abin da Awon Jini Ke Faɗa Game da Sankarar Jini

Sankarar jini ciwo ne da ke farawa cikin ɓargo. Mai saurin tsananta takan zo da zazzaɓi mai naci, da kasala, da zubar jini daga dasashi, har a zaci zazzaɓin cizon sauro ne.

Awon jini shi ke nuna wa likita inda ciwon ya dosa. Baligi lafiyayye yana da fararen ƙwayoyin jini 4,000 zuwa 11,000 a maikurolita guda. A irin wadda ta fi kama yara, ɗan shekara 1 zuwa 9 wanda nasa ba su kai 50,000 ba ya fi jin magani. Akwai kuma wata alama cikin ƙwayoyin ciwon, wadda aka gano a Filadelfiya ta Amurka a 1960. Mai ita yana bukatar ƙarin magani na musamman. Bayan kamar mako 4 ana magani, akan sake awon jini da ɓargo. In ba a ga ɓurɓushin ciwon ba, alama ce mai kyau.

Saboda haka, mutanen Iku su kai mai zazzaɓin da ya ƙi magani Babban Asibitin Suleja. In an tura shi Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, kada a yi jinkiri.