Ambaliya Da Shirin Rigakafi Na Jiha: Darasi Daga Kogin Haɗeja

Gabatarwa

A kowace damina, musamman daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, kafofin watsa labarai sukan cika da rahotannin gidajen da suka rushe da gonakin da ruwa ya shanye. A shekarar 2012 ambaliya ta halaka mutum 363 a Nijeriya, ta kuma raba fiye da mutum miliyan 2 da muhallinsu. Bayan shekara goma, wato a 2022, waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wannan darasi zai bayyana yadda jiha guda za ta tsara shirin rage ɓarnar irin wannan bala'i tun kafin ya auku. An ɗauki Kogin Haɗeja a matsayin misali saboda a cikinsa ne ilimin halittu da na yanayin ƙasa da aikin hukuma suka haɗu wuri guda.

Bambancin Ambaliya Da Bala'i

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, ba kowace ambaliya ce bala'i ba. Tun kaka da kakanni mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suke jiran cikar kogi da ɗoki, domin ruwan da ya malala shi ke kawo laka mai taki ga gonakin shinkafa, a cikinsa kifi ke hayayyafa, shi ke cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ya janye sai ya bar ɗanyar ciyawa ga dabbobin makiyaya da rani.

Masana sun nuna cewa sai abubuwa uku sun haɗu sa'an nan ake samun bala'i. Na farko shi ne aukuwar kanta, wato ruwan da ya wuce kima. Na biyu shi ne kasancewar mutane da dukiyarsu a kan hanyar ruwan. Na uku shi ne raunin abin da ruwan ya tarar, kamar gidan ƙasa marar harsashin kirki, ko garin da ba shi da magudana. Ba mai iya hana sama zubar da ruwa, amma abu na biyu da na uku suna hannun ɗan Adam. A kansu ne duk wani shiri na jiha yake tsayawa.

Yana da kyau a san yawan ruwan da ake magana a kai. Milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Saboda haka idan aka yi ruwan milimita 100 a dare ɗaya, kadada guda za ta karɓi lita miliyan ɗaya, rufin ɗaki mai murabba'in mita 50 kuwa zai zubar da lita 5,000, wato duro 25 masu cin lita 200. Idan ƙasa ta riga ta ƙoshi, duk wannan ruwa sai ya nemi hanya.

Yanayin Kogin Haɗeja

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Daga Wudil yake shiga Jigawa, ya ratsa yankunan Ringim da Taura da Miga da Auyo da Haɗeja da Kirikasamma da Guri, kafin ruwansa ya haɗu da na Kogin Jama'are a wajajen Gashuwa, inda sukan zama Komadugu Yobe mai faɗawa Tafkin Cadi. A cikin Jigawa ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, ga kuma tsofaffin jigayin rairayi da ke tare hanya, don haka kogin yakan rarrabu zuwa rassa, yana tafiya a hankali, yana sauke yashin da ya ɗauko.

An kammala Madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka kammala ta Challawa a 1992. Waɗannan madatsu sun samar da ruwan sha ga birnin Kano da ruwan noman rani ga dubban manoma. Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan gina su sai ruwa ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara. Wannan sauyi, wanda da farko kamar alheri ne zalla, shi ya buɗe ƙofa ga wata ciyawa.

Kacalla

Kacalla, wadda masana ke kira Typha domingensis, ciyawa ce ta bakin ruwa da tsayinta kan kai mita uku. Tana yaɗuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta iri: kanta guda ɗaya, mai kama da zangarniyar gero, yakan ɗauki ƙananan iri fiye da dubu ɗari, masu gashi kamar auduga, waɗanda iska ke kwasa zuwa nesa. Ta biyu ita ce ta wani kara da ke kwance cikin laka yana miƙewa, yana fitar da sababbin tsirrai daga gaɓoɓinsa. Abin da take bukata shi ne ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ƙafewar kogi da rani ita ce take taƙaita ta a da; da wannan ta kau, sai ta sami wurin zama.

Idan kacalla ta cika hanyar ruwa, gudun ruwan yakan ragu. Ruwan da ba ya gudu kuwa yakan sauke yashi da laka, hanyar ta ƙara cikewa, zurfinta ya ragu, wanda hakan ke ƙara wa kacallar daɗin zama. Haka abin ke ta juyawa har reshen kogi ya toshe. Ranar da babban ruwa ya zo, sai ya tarar da hanyarsa a rufe, ya fasa gefe ya shiga gonaki da garuruwa, alhali wasu garuruwan da ke can gaba suna kukan rashin ruwa. Bugu da ƙari, dajin kacalla mafaka ne ga tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya.

Amma ilimin halittar ciyawar ya nuna inda rauninta yake. A cikin ganyenta akwai wasu ƙananan kafofi kamar na soso, waɗanda ta cikinsu iska ke sauka zuwa saiwar da ke cikin laka. Idan aka yanke ta a saman ruwa, ko aka ƙone ta, sai ta sake tohowa. Idan kuwa aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya ci gaba da rufe kututturen, iska ba za ta kai ga saiwar ba, sai ta shaƙe ta ruɓe. Aikin gayya da aka yi da wannan sani ya fi wanda aka yi da ƙarfi kawai.

Matakan Shirin Jiha

Mataki na farko shi ne sanin haɗarin. Jiha mai ƙananan hukumomi 27 kamar Jigawa ba matsala ɗaya take fuskanta ba: yayin da garuruwan bakin kogi ke fama da ambaliya, na arewa irin su Maigatari da Ɓaɓura da Birniwa sun fi fuskantar fari da gurgusowar hamada. Wajibi ne a zana taswira mai nuna inda ruwa ya kai a manyan shekarun ambaliya, da makarantu da asibitoci da hanyoyin da ke ciki. A nan hotunan tauraron ɗan Adam suna da amfani, haka ma dattawan gari, waɗanda za su iya nuna alamar ruwa a jikin tsamiya ko bangon masallaci.

Masana sukan yi maganar “ambaliyar shekara ɗari”. Ba ana nufin sai bayan shekara ɗari take dawowa ba. Ana nufin a kowace shekara yiwuwar zuwanta kashi 1 ne cikin 100. Gidan da zai yi shekara 30 a irin wannan wuri yana da yiwuwar kusan kashi 26 cikin 100 na haɗuwa da ita. Wato a cikin irin waɗannan gidaje huɗu, ana sa ran ɗaya zai gan ta.

Mataki na biyu shi ne dokar amfani da ƙasa. Ita ce mafi arha, kuma ita ce mafi wuyar aiwatarwa, domin tana nufin hana bayar da fuloti a kan hanyar ruwa, da hana cike kududdufai don gini, da keɓe tudu ga garuruwan da dole su tashi. Kududdufin da aka cike ba ya hana ruwan zuwa. Sai dai ruwan ya koma ɗakin maƙwabci.

Mataki na uku shi ne ayyukan gyara: yashe hanyoyin ruwa, da share kacalla, da gina jinga, da ɗaga harsashin gidaje da rijiyoyi da masai. Duba lafiyar madatsun ruwa ma yana nan. Ɓallewar Madatsar Bagauda a Jihar Kano a watan Agustan 1988, da ta Alau wadda ta mamaye Maiduguri a ranar 10 ga Satumba, 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 a wannan birni, sun isa izina. A ɓangaren noma kuwa, a 2017 an fitar da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 masu jure nutsewa na kusan mako biyu. Sirrinsu wata ƙwayar gado ce mai hana tsiron ɓarnatar da abincinsa wajen ƙoƙarin miƙewa sama; sai ya yi likimo har ruwa ya janye.

Mataki na huɗu shi ne gargaɗi da wuri. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA kuma takan fitar da hasashen ambaliya. Amma gargaɗin da ya tsaya a ofis ba gargaɗi ba ne. Tilas shiri ya fayyace yadda saƙo zai tashi daga ma'aunin ruwa ya isa gidan rediyo da hakimi da dagaci da mai unguwa da limami, cikin harshen da jama'a ke ji, tare da bayanin tudun da za a nufa da hanyar da za a bi.

Mataki na biyar shi ne tanadin agaji da lafiya. An kafa hukumar NEMA a 1999, jihohi kuma suna da nasu hukumomin agajin gaggawa. Sau da yawa cutar da ke biyo bayan ruwa takan yi ɓarna irin tasa: masai ya haɗu da rijiya sai amai da gudawa ya ɓarke, ruwa ya kwanta sai zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru, macizai su ma su nemi tudun da mutane suka nema. Don haka jiragen kwale-kwale da maganin tsabtace ruwa da gidan sauro da maganin dafin maciji, tun watan Yuni ya kamata su isa inda za a bukace su.

Ruwa Bai San Iyaka Ba

Madatsun da ke sarrafa Kogin Haɗeja a Jihar Kano suke, kuma hukumar tarayya mai kula da kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da su. Ruwan da ya bar Jigawa kuma Yobe da Borno yake nufa. Ganin haka ne a 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da wannan kwari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jingar da wani gari ya gina ba da shawara ba, takan tura ruwa ne zuwa garin da ke gabansa.

Kammalawa

Yarjejeniyar Sendai, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita a Japan a 2015, ta sa fahimtar haɗari a gaban dukkan sauran matakai. Shirin jiha na gari shi ne wanda ya ambaci aikin da za a yi, da wanda zai yi shi, da watan da za a yi shi, da kuɗin da aka ware masa, sa'an nan a riƙa sabunta shi bayan kowace damina. Rigakafi dai ya fi magani.

Aiki Ga Ɗalibai

1. A kafa ma'aunin ruwan sama a filin makaranta, a rubuta abin da aka samu kullum daga Yuni zuwa Satumba.
2. A auna rufin aji, a lissafa litar da zai zubar idan aka yi ruwan milimita 60.
3. A zana taswirar unguwa mai nuna kududdufai da magudanu da wuri mafi tudu, bayan an tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa.
4. A tsaga ganyen kacalla a duba kafofin iskar da ke ciki, sa'an nan a bayyana dalilin da ya sa yankan ƙarƙashin ruwa ke kashe ta.