Tsuntsu Ɗaya, Suna Barkatai: Nazari a Kan Sunayen Agwagin Nutso na Arewacin Duniya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda jama'a ke laƙa wa tsuntsu suna. An zaɓi agwagin daji masu nutso na ƙasashen sanyi, wato Kanada da Amurka da arewacin Turai da Sibiriya, domin kuwa kaɗan ne tsuntsayen da suka kai su yawan sunaye a bakin maharba da masunta.

2.0 Agwagin Nutso

Masana kan raba agwagin daji kashi biyu. Akwai masu kiwo a saman ruwa, waɗanda ke tsoma kai kawai. Akwai kuma masu nutso, waɗanda ke kurmewa su nemo katantanwa da ƙwari da tsirrai a ƙasan ruwa. Ƙafafun masu nutso sun koma can bayan jiki, abin da ke ba su ƙarfin iyo, amma ya sa tafiya a tudu ke yi musu wuya. Yawancinsu sai sun yi gudu a kan ruwa kafin su tashi sama.

3.0 Hanyoyin Laƙa Suna

Hanya ta farko ita ce sauti. Agwagwar da masana ke kira Clangula hyemalis, mai dogon wutsiya, wadda kan nutsa har mita 60, ba ta rabuwa da kuka. Saboda haka mutanen tsibiran Shetland suka kira ta "calloo", a Kanada aka ce "cockawee", a wasu sassan Amurka kuwa "south-southerly". Duka ukun kwaikwayon kuka ɗaya ne, kowace al'umma da yadda kunnenta ya ji shi. Haka nan Bucephala clangula maharba na ce mata "whistler", wato mai fito, saboda ƙarar fikafikanta.

Hanya ta biyu ita ce kama. Ita wannan mai fito, sunanta na littafi "goldeneye" ne, ma'ana mai idon zinariya. Kalmar Bucephala kanta daga Girkanci take, ma'anarta kan sa.

A nan ne ake ganin bambancin masani da maharbi. A 1809 Edward Donovan ya bayyana wata agwagwa daga gawarta, ya ba ta suna bisa wani zobe da ke wuyanta, wanda da ƙyar ake ganinsa idan tana ruwa. Maharba kuwa, da yake daga nesa suke hangenta, sai suka kira ta "ringbill", saboda farin zoben da ke bakinta.

4.0 Matsaloli

Yawan suna na jawo ruɗani ta fuska biyu. Tsuntsu ɗaya kan sami suna da yawa, suna ɗaya kuma kan hau tsuntsaye biyu, kamar "bluebill" da ake kiran Aythya marila da Aythya affinis da shi. Maganin wannan shi ne tsarin suna mai kalma biyu da Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758.

Bugu da ƙari, suna kan ɗauko raini. An daɗe ana kiran mai dogon wutsiya "oldsquaw" a Amurka, kalmar da ke muzanta matan 'yan asalin ƙasar. A 2000 ƙungiyar masana tsuntsaye ta Amurka ta yi watsi da sunan.

5.0 Kammalawa

Wasu daga cikin waɗannan agwagi, alal misali Aythya nyroca, kan ƙetaro Sahara da hunturu su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da kuma Tafkin Chadi. Bahaushe ma yana duban ɗabi'ar tsuntsu kafin ya laƙa masa suna, kamar yadda ake gani a "ragon maza" da "maƙwaƙwafi". Sai dai Hausar boko takan tattara irin waɗannan baƙi duka ta ce "agwagwar ruwa". Bargery ya tara sunayen tsuntsaye da dama a ƙamusunsa na 1934, amma aikin bai ƙare a nan ba. Ya kamata ɗaliban Hausa su tafi wurin masunta da maharban waɗannan fadamu, su rubuta kowane suna tare da garin da aka ji shi, da dalilin laƙa shi, da sunansa na kimiyya, tun dattawan da suka san su suna raye.