Baƙo da Makulli a Hannunsa: Darasi a kan Sauka a Gidan Haya na Kwanaki

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan darasi wata tambaya ce da wani bawan Allah ya kawo mana nan Madarunfa bayan sallar Asuba. Ya kai mahaifiyarsa asibiti a Yamai, tun ranar farko likita ya shaida masa cewa za a riƙa duba ta har kwana 12. Ba shi da kowa a birnin, sai aka nuna masa irin gidajen nan da ake bayarwa haya na kwanaki, da gado da kujeru da tukwane da talabijin a ciki, ga mai gadi a ƙofa, ga mai zuwa shara da sauya zannuwan gado. Aka tambaye shi su nawa ne, ya ce uku. Ya biya, ya ajiye kuɗin jingina, aka miƙa masa makulli. Kafin mako ya zagayo su tara ke kwana a gidan, domin dangi sun ji labari sun zo dubiya. Ranar tafiya mai gidan ya riƙe kuɗin jinginar duka, suka rabu baram-baram. A cikin ba da labarin ne ya ambata, kamar ba kome ba, cewa ƙasaru ya yi ta yi har ya dawo. Tambayarsa ita ce: an zalunce shi ko kuwa? Muka ce masa ya gyara zama, domin abin da ya tambaya ba shi ne mafi nauyi cikin abin da ya faɗa ba.

Ku sani, Allah Ya yi mana rahama baki ɗaya, kakanninmu ba su san baƙo da makulli ba. Fataken da suke zuwa Gwanja neman goro, idan sun isa Salaga, ko zangon Kumasi daga baya, wurin mai masauki suke sauka, wanda a Kano ake kira fatoma. Shi ne zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, sannan ya sami la'adarsa. Kuma shi ne ke sanin ko baƙon ya fito sallar Asuba ko bai fito ba. Mu nan ma haka muka taso: baƙin da ke zuwa bakin tabki lokacin Mauludi, domin ziyarar kaburburan waliyyai 99, zaurukanmu ne masaukinsu. Idon mai gida katanga ne ga baƙo, ko ya so ko bai so ba. To, gidan haya na kwanaki ya kawo hutu da sutura, wannan babu musu, musamman ga mai jinya da mai tafiya da iyali. Amma ya ɗauke wancan ido, ya bar mutum da kansa da Ubangijinsa.

Asalin sauka a irin wannan gida halal ne. Alhazanmu sun san shi tun da daɗewa a Makka, a unguwanni kamar Aziziyya, inda ake ce masa shuƙƙa mafrusha, wato gida mai shimfiɗa. A cikin Suratun Nur, bayan ayoyi na 27 da 28 da suka hana shiga gidan wani sai da izini, aya ta 29 ta ɗauke laifi game da shiga gidajen da ba mazaunin wani ba ne, waɗanda mutane ke da amfani a cikinsu. Imam Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa wasu magabata sun fassara su da masaukan matafiya da ke kan hanyoyi.

A fiƙihu wannan ma'amala haya ce, kuma malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa kuɗin haya ya zama sananne, wa'adi ma ya zama sananne. Saboda haka kada kunya ta hana mutum tambaya kafin ya karɓi makulli: nawa ne kwana, ƙarfe nawa kwanan ke ƙarewa, wuta da ruwa suna cikin kuɗin ko daban ake biya, mutum nawa aka yarda su kwana. A rubuta in da hali. Mun lura mutanenmu suna ganin rubutu tsakanin Musulmi rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Farkon Suratul Ma'ida kuma umarni ne da cika alkawura.

To, ga inda ɗan'uwanmu ya zame. Mai haya amintacce ne a wurin shari'a: abin da ya lalace a hannunsa ba da ta'addanci ko sakaci ba, kamar famfon da ya tsufa ya ɓalle, ba ya ramawa. Amma wanda ya ce uku ya kwantar da tara ya ƙetare abin da aka ƙulla a kansa. Baƙon rana da zai gaisa ya sha ruwa ya tafi, al'ada ta yafe shi. Kwana kuwa ƙarin ruwa ne, ƙarin wuta, ƙarin nauyi a kan kayan mutane. Mai gidan yana da hakkin kuɗin wannan ƙari gwargwadon yadda aka saba biya, da kuɗin abin da ya lalace saboda shi. Sai dai shi ma ba shi da ikon haɗiye jingina duka don fushi; abin da ya rage bayan lissafi na mai shi ne, cin sa haramun ne. Su ma dangin muna da magana da su. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya iyakance baƙunta ga kwana uku, ya hana baƙo zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Ina ga wanda shi kansa mai masaukin da kuɗin magani yake biyan ɗakin?

Sai maganar salla, wadda ita ce ta fi tayar mana da hankali. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda ba ya garinsu matafiyi ne. Ba haka ba ne. Tafiyar ƙasaru a mazhabarmu ita ce ta burudi huɗu, mil 48, kimanin kilomita 80 a lissafin yau. Mai zuwa Maraɗi daga nan bai kai ko rabin wannan ba, don haka ko ya kama ɗaki ya kwana a can, salla cikakkiya ce a kansa. Mai zuwa Damagaram ko Kano ko Yamai yana ƙasaru a hanya. Amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu, ko abin da zai sallaci salloli 20, kamar yadda Ibn Abi Zaidin Ƙairawani ya kawo a Risala, hukuncin tafiya ya yanke. Zai cika Azahar da La'asar da Lisha, kuma Juma'a ta hau kansa. Wanda bai san ranar tashinsa ba, kullum yana cewa yau ko gobe za a sallame mu, shi ne ke ci gaba da ƙasaru ko da zaman ya yi tsawo. Ɗan'uwanmu tun ranar farko ya san kwana 12 ne. Muna sane da cewa Hanafawa sun kai iyakar zuwa kwana 15, amma shi bai yi don bin wani malami ba, ya yi ne don bai tambaya ba. Muka umarce shi ya rama sallolin nan uku na kwanakin, ban da waɗanda ya bi limamin gari ya cika.

Haka nan alƙibla. Gidan bene na birni ba ya nuna gabas kamar yadda masallacin unguwa ke nunawa. A ƙasarmu alƙibla gabas ce tare da karkata kaɗan zuwa arewa. A tambayi mai gadi, ko a duba mihrabin masallaci mafi kusa, tun kafin lokacin salla ya ƙure. Game da shimfiɗu da dardumar ɗaki, asalinsu tsarki ne har sai an ga najasa, kada waswasi ya hana mutum barci. Abin da wani baƙo ya manta a aljihun tebur tsintuwa ce, a miƙa wa mai gidan a gaban shaida.

Akwai kuma abin da muke jin nauyin faɗa, amma ba a jin kunya a sha'anin addini. Sau da yawa mai zuwa shara mace ce, ɗiyar wani ce ko matar wani, neman halal ya fito da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba, kuma biyan kuɗin ɗaki bai ɗauke wannan hani ba. Idan ta zo kai kaɗai ne, ka fita wurin mai gadi har ta gama. Wanda kuma ya kama irin wannan gida don ya aikata abin da ba zai iya ba a zauren mahaifinsa, ko ya ba aboki aron makulli yana sane da nufinsa, to ya sani hayarsa ta tashi daga halal, shi da mai gidan da ya sani ya kau da kai.

Ɗan'uwan nan ya nemi lambar mai gidan, suka yi magana a gabanmu, aka cire kuɗin ƙarin mutum shida na kwanakin da suka yi, aka turo masa sauran. Ramuwar salla kuwa yana kan yi. Mahaifiyarsa ta sami sauƙi, muna roƙon ƴan'uwa su sa ta cikin addu'a.

Allah ne Mafi sani.