Darasi: Ƙaramar Hukuma da Aikin Gyaran Gari



Duk shekara idan damina ta sauka, koke-koken da muke ji a ƙofar majami'a bayan Misa kusan iri ɗaya ne. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar kasuwa. Famfon burtsatse na unguwa ya mutu tun bazara. Kwata ta toshe, ruwa ya kwanta a bayan gidaje, yara sun fara amai da gudawa. Sai mu girgiza kai mu ce gwamnati ta manta da mu. To, amma wace gwamnati? Yawancinmu mun san sunan shugaban ƙasa da na gwamna, amma idan aka tambaye mu sunan kansilan mazaɓarmu, ko ranar da majalisar ƙaramar hukumarmu take zama, sai mu yi shiru. Ga shi kuwa kwalbati da kwata da kasuwa duk suna hannun wannan hukuma da muka fi jahilta. Saboda haka muka ga ya dace darasinmu na wannan karo ya tsaya a kanta.

1. Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

Dattawanmu suna tuna zamanin En'e, lokacin da sarki da majalisarsa suke riƙe da baitulmali, da kotu, da 'yan doka, da gidan yari, dagatai da masu unguwa kuma suna bi gida gida suna tara haraji da jangali. A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa wannan tsari garambawul, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a dukan ƙasa, guda 301, ta mai da su mataki na uku na gwamnati. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. An ci gaba da ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi har suka kai 774 a 1996, kuma wannan adadi ne Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa. Kano tana da 44, Kaduna 23, Filato 17.

Akwai darasi a cikin wannan tarihi. A da, talaka yana biyan kuɗi daga aljihunsa, yana jin zafinsu, amma ba shi da bakin tambaya. Yanzu doka ta ba shi bakin tambaya, amma da yake mafi yawan kuɗin daga Abuja suke zuwa, sai ya ɗauka kuɗin wani ne, ya daina tambaya. Kuskure ne babba. Kuɗin asusun tarayya dukiyar 'yan ƙasa ce, kason ƙaramar hukumarmu kuwa da sunanmu ake karɓo shi.

2. Abin da doka ta ɗora mata

Sashe na 7 na Tsarin Mulki ya ce tilas ne a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓun shugabanni. Akwai shugaba da mataimakinsa, akwai kuma kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, waɗanda aikinsu shi ne yin ƙananan dokoki, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda ake kashe shi. Hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya zaɓensu, in ban da yankin Abuja inda hukumar zaɓe ta ƙasa take yi.

Jadawali na 4 na Tsarin Mulkin ya jera ayyukanta. Daga ciki akwai ginawa da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da bayan gida na jama'a, gyaran hanyoyin cikin gari, da magudanan ruwa, da fitilun titi, kwashe shara, kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, ba da lasisin kekuna da amalanke da baro, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma da hannu, tare da gwamnatin jiha, a makarantun firamare, da yaƙi da jahilci, da aikin gona, da kiwon lafiya.

Mu Katolika mun riga mun san ƙofar sakatariya ta wata hanya. Masu shirin aure bisa Dokar Aure sukan kai sanarwa wurin magatakardan aure, a lika ta kwana 21, kafin a ba su takardar da za su kawo wa Fada. Wanda ya iya bin wannan hanya saboda aurensa, zai iya bin ta saboda kwatar unguwarsu.

3. Daga ina kuɗin suke fitowa

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce kason wata wata daga asusun tarayya. Bisa tsarin rabon da aka daɗe ana bi, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida: kuɗin rumfa da na shiga kasuwa, na tasha, na shago, na mahauta da makamantansu. A nan ma mu lura: duk wanda ya biya kuɗin kasuwa bai karɓi rasit ba, ya taimaka wajen ɓatar da kuɗin garinsu.

Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, wanda sashe na 162 ya tanada. An sha kuka cewa abin da yake isa sakatariya bai kai abin da aka aiko ba, kuma gwamnoni da dama suka riƙa naɗa kantomomin riƙo maimakon yin zaɓe. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a na tarayya ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya ɗora kantoma. Hukunci ne mai nauyi. Sai dai rubuta hukunci daban, aiwatar da shi daban. Ko kuɗin sun iso sakatariya kai tsaye, idan babu idon jama'a a kansu, wurin zubewarsu kawai aka sauya.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne wajen albashin malaman firamare, da ma'aikatan lafiya, da 'yan fansho. Shugaba mai gaskiya ma ba zai iya yin kome da kome a shekara ɗaya ba. Wannan ne ya sa muke bukatar sanin lissafin, domin mu bambanta rashin kuɗi da rashin amana. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana bayyana rabon kowane wata, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana 7.

4. Abin da Ikkilisiya take koyarwa

Wani zai ce, mene ne haɗin wannan magana da bangaskiya? A shekarar 1931, a cikin wasiƙarsa mai suna Quadragesimo Anno, Fafaroma Piyus na 11 ya koyar cewa abin da ƙaramar al'umma za ta iya yi wa kanta, ba daidai ba ne babbar hukuma ta ƙwace mata shi. Aikin babba shi ne ya tallafa wa ƙarami. Wannan koyarwa tana da kaifi biyu. Tana tsauta wa jiha idan ta danne ƙaramar hukuma, tana kuma tsauta mana mu idan muka naɗe hannu muna jiran Abuja ta zo ta yashe mana kwatar ƙofar gidanmu. Babban Taron Batikan na Biyu, a 1965, ya sake jaddada cewa neman amfanin jama'a gaba ɗaya wajibi ne a kan kowane Kirista, kuma dalilin kafa kowace hukuma ke nan.

Amfanin jama'a ba ya tambayar addinin mutum. Ƙwayar kwalara da ta shiga rijiya ba ta san gidan Musa ko na Bitrus ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda haka kwamitin gyaran gari wuri ne da ya kamata mu zauna kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtanmu Musulmi, da mai unguwa, da liman, da sarkin kasuwa. Mun ga garuruwan da zaman lafiyarsu ya ɗore domin mutanensu sun saba haƙa rami ɗaya da ɗaukar kwanon siminti ɗaya.

5. Misalin Nehemiya da famfon unguwa

Littafin Nehemiya ya ba mu tsarin aikin gayya da har yau bai tsufa ba. Da ya iso Urushalima, bai fara da taro ko alkawari ba. Ya fita da dare ya zagaya ya duba inda garu ya rushe. Bayan haka ya yi wa shugabanni magana, aka raba aikin, iyalai da yawa suka gyara sashen da ke daura da gidajensu. Shi kansa, ko da yake gwamna ne, ya ƙi karɓar abincin da ake ba gwamnoni domin kada ya nawaita wa jama'a. Aka gama garun cikin kwana 52.

Mu gwada wannan da famfon burtsatse, domin shi ne aikin da aka fi yi a ƙauyukanmu, shi ne kuma aka fi bari ya mutu. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin hanyoyi da ruwa a karkara, ake ta haƙa mana rijiyoyi. Me ya sa da yawa suke tsayawa? Sau da yawa ruwa yana nan a ƙasa. Abin da ya lalace ƙaramin abu ne: robar da ke cikin famfo ta cinye, ko sanda ta kwance, ko ƙusa ta karye. Amma da yake ranar buɗewa ba a ce wane ne zai kula da shi ba, sai kowa ya jira wani. Mata da yara su koma rafi, cuta ta biyo su gida.

Tun ran gini ran zane. Kafin a kawo injin haƙa, jama'a su zauna su amsa tambayoyi kaɗan. A filin wa za a haƙa, kuma an rubuta cewa ya bayar? Wurin yana nesa da masai da juji, aƙalla mita 30? Su wa za su zama kwamitin ruwa? Lalle mata su kasance a ciki, domin su ne suke fara sanin ranar da famfo ya fara tauri. Nawa kowane gida zai riƙa bayarwa a wata, ko mudu nawa a kaka, domin asusun gyara? Wane saurayi za a koya wa kwance famfo da sauya roba? A wane shago ake samun kayan gyaran? Garin da ya amsa waɗannan kafin a fara aiki, famfonsa yakan yi shekaru yana ba da ruwa. Haka abin yake ga ajin makaranta, da ɗakin shan magani, da kwalbati.

6. Abin da za mu iya yi

Na farko, mu san kansilanmu, mu gayyace shi taron unguwa da mutunci. Idan muka mai da shi wurin roƙon kuɗin suna da na asibiti, mun sayar da bakinmu, gobe ba za mu iya tambayarsa lissafi ba.

Na biyu, mu kai bukatarmu a rubuce. Takarda ɗaya mai ɗauke da buƙata ɗaya, da sa hannun mai unguwa da shugabannin addinai biyu da na mata da matasa, ta fi koke-koke ɗari a bakin kasuwa. A kai ta kafin a shirya kasafin shekara mai zuwa, a ajiye kwafi, a koma a bi sawu.

Na uku, mu shiga kwamitocin da suka riga suka kasance: kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibitin sha-ka-tafi, da kwamitin kula da makarantar firamare, da ƙungiyar ci gaban gari. Zumuntar Mata Katolika da ƙungiyar matasa suna da mutanen da suka iya riƙe littafin kuɗi. Kada wannan baiwa ta tsaya a harabar majami'a kaɗai. Hukumar adalci da ci gaba da salama ta dayosis tana nan domin ba da shawara.

Na huɗu, mu fito zaɓen ƙaramar hukuma, mu ƙi sayar da ƙuri'a. Gishiri da atamfa na rana ɗaya ba su kai ruwan sha na shekaru ba.

Na biyar, mu fara da kanmu. Idan kwamitin ginin majami'armu ba ya karanta lissafinsa a fili, da wane baki za mu tambayi ciyaman nasa? Ga 'yan'uwanmu da suke aiki a sakatariya, ko suke karɓar kwangila, muna tuna muku cewa rage siminti a kwalbati sata ce, kuma ran da kwalbatin ya rufta da mota, alhakin yana wuyan wanda ya rage. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. Wane aiki ne guda ɗaya a unguwarmu wanda za mu iya gamawa da hannunmu kafin damina mai zuwa?
2. Wane aiki ne ya fi ƙarfinmu, wanda ya kamata mu rubuta wa ƙaramar hukuma a kansa, kuma su wa za su kai takardar?
3. Waɗanne maƙwabta ne da ba 'yan majami'armu ba ya kamata mu gayyata tun daga zaman farko?

Muna roƙon katikis na kowace majami'a ya karanta wannan darasi ga jama'a, ya kuma kawo amsoshinsu a taron majalisar ikkilisiya mai zuwa. Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba mu zuciyar yi wa garuruwanmu hidima. Amin.