Shawara ga Mai Son Haɗa Ilimin Addinin Kirista da Sana'ar Taimakon Jama'a

Duk wanda ya kammala digirinsa na farko, ya kuma ƙudura niyyar zurfafa karatu a fannin nan da wasu jami'o'in Kirista na Amurka suke gwama nazarin mu'amalar ikilisiya da al'adun zamaninta da koyon kafa sana'ar da maslahar jama'a ce manufarta, wajibi ne ya binciki manhajar tun bai biya ko kwabo ba, domin sau da yawa ɓangare ɗaya yakan danne ɗayan. Littafin da Richard Niebuhr ya wallafa a 1951 game da Almasihu da al'ada, inda ya kasa matsayin Kiristoci kashi biyar, yana da fa'ida ƙwarai. Amma ba zai koya maka lissafin riba da hasara ba, alhali kuwa sana'ar da ta kasa biyan ma'aikatanta, komai tsarkin niyyar mai ita, ba ta daɗewa. Saboda haka ka tambaya ko malaman sun taɓa riƙe kasuwanci da hannunsu.

Ina kuma roƙonka ka karanta tarihin Mondragon ta ƙasar Sifen, inda wani limamin Katolika, Arizmendiarrieta, ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943, bai kuwa ga almajiransa sun kafa kamfaninsu na haɗin gwiwa ba sai a 1956, bayan doguwar tarbiyya da haƙuri.

Game da kuɗi, ka guji bashi mai nauyi, gama albashin wannan fage ƙanƙani ne. In ikilisiyarka ta yi alkawarin tallafi, a rubuta shi tun kafin ka tashi.