Darasin Turanci: Kalmar "Exonerate" da Bambancinta da Afuwa

Ya ku ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan kalma guda ɗaya ce ta Turanci, wadda kuke cin karo da ita a jarida da labaran rediyo, kuma takan fito a jarrabawar Turanci inda ake tambayar kalmomi masu ma'ana ɗaya ko kishiyoyin juna. Kalmar ita ce "exonerate".

Yadda ake faɗinta

Harafin x a nan ba ya ba da sautin "ks". Sautin "gz" yake bayarwa, kuma ana ƙarfafa gaɓa ta biyu: ig-ZO-na-ret. Ku maimaita ta sau uku da baki kafin ku ci gaba.

Ma'anarta da asalinta

Ma'anarta ita ce hukuma ta bayyana a fili cewa mutumin da aka zarga ba shi da laifi, bayan an yi bincike. Da Hausa mukan ce "an wanke shi". Da Larabci kuwa ita ce "barra'a", masdarinta "tabri'a", daga tushen da kalmar "bara'a" ta fito.

Asalin kalmar daga Latin ne. "Ex" na nufin cirewa ko fitarwa, "onus" kuma na nufin kaya mai nauyi. Idan an haɗa su, sai ya zama sauke wa mutum kaya. Ka ga ke nan zargi kaya ne da aka ɗora wa mutum a ka, wanda ya wanke shi kuma shi ne ya sauke masa. Bahaushe ya ɗauki zargi kamar dauɗa ce a jiki, shi ya sa ya ce wankewa. Kowane harshe da hoton da ya zaɓa, amma manufa ɗaya ce.

Yadda ake amfani da ita

Aikatau ce mai buƙatar karɓau, wato dole a ambaci wanda aka wanke. Ga misalai:

1. The committee exonerated the driver. Kwamitin ya wanke direban.
2. She was exonerated from blame. An wanke ta daga zargi.
3. The report exonerated him of theft. Rahoton ya wanke shi daga zargin sata.

Ku lura, "from" ko "of" ne ke biyo bayanta. Sunan aikin kuwa shi ne "exoneration". Kishiyoyinta su ne "blame", "accuse" da "incriminate". Kalma ce ta kotu da ofis da kwamitin bincike, saboda haka ba a amfani da ita idan ƙaninka ya taka maka ƙafa ka ce ba komai.

Kada a rikita ta da 'yan uwanta

"Forgive" yafewa ce tsakanin mutum da mutum, kuma akwai laifin, an dai bar shi ne. "Pardon" afuwa ce ta shugaba ga wanda aka riga aka yanke wa hukunci. A Nijeriya, sashe na 175 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wannan iko, sashe na 212 kuma ya ba gwamnoni. "Acquit" kuwa ita ce alƙali ya sallami wanda ake tuhuma domin masu ƙara sun kasa tabbatar da laifin. Wani lokaci an sallami mutum amma mutane na ci gaba da nuna shi da baki. "Exonerate" ta fi su duka ƙarfi, domin ita tana cewa tun farko bai aikata ba.

Misali daga tarihin Faransa

A shekarar 1894 aka kama wani kyaftin na sojan Faransa mai suna Alfred Dreyfus, aka ce ya ba Jamus asiran soja. Bayahude ne, kuma ƙiyayyar da ake wa Yahudawa a ƙasar ta sa mutane da yawa suka gaskata zargin ba tare da neman hujja ba. Kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai. A farkon 1895 aka cire masa galan kafaɗa a gaban jama'a, aka karya takobinsa, aka kai shi kurkuku a wani tsibiri kusa da gaɓar Amurka ta Kudu.

A 1896 wani hafsa mai suna Georges Picquart ya gano cewa rubutun takardar da aka kafa hujja da ita na wani hafsa ne daban, mai suna Esterhazy. Manyan soja suka nemi rufe maganar. A 1899 aka sake shari'ar, aka sake cewa yana da laifi, sa'an nan shugaban ƙasa Émile Loubet ya yi masa afuwa. Ya koma gida wurin iyalinsa, amma a takarda har yanzu maci amanar ƙasa ne. Sai a watan Yuli na 1906 babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin gaba ɗaya, aka mayar da shi aikin soja da muƙamin manjo. To, abin da ya samu a 1899 shi ne "pardon", abin da ya samu a 1906 shi ne "exoneration". Shekara bakwai ke tsakanin kalmomin nan biyu a rayuwar mutum ɗaya.

Abin da kuka riga kuka sani

Wannan bambanci ba baƙo ba ne gare ku. A Suratu Yusuf kun karanta cewa da manzon sarki ya zo fitar da Annabi Yusuf, alaihis salam, daga kurkuku, bai yarda ya fita ba sai da aka binciki matan nan, matar Aziz ta faɗi gaskiya da bakinta. Ya fi son ya ƙara zama a ɗaure a kan ya fita da ƙazafi a wuyansa. Haka kuma a Suratun Nur Allah Ya wanke Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, daga ƙazafin munafukai.

Saboda haka, ya ku ɗalibai da iyaye, idan kuɗi ko littafi ya ɓace a aji ko a gida aka zargi wani yaro, daga baya aka gane ba shi ba ne, kada a ce masa "an yafe maka". Wannan kalma tana tabbatar masa da laifin da bai yi ba. A gaban waɗanda aka zarge shi, a nan ya kamata a wanke shi, a kuma nemi gafararsa.

Aikin gida

1. Rubuta jimla biyu da "exonerate", ɗaya da "from", ɗaya da "of".
2. Fassara zuwa Turanci: "Alƙali ya wanke manomin daga zargin sata."
3. Bayyana bambancin "pardon" da "exonerate" da Hausa, da boko ko da ajami.

A kawo wa malamin aji ranar Asabar. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu daga ƙazafi.